Na Ga Yaya Yana Aski

Bas ɗin da ta kawo ni Greensboro ta sauke ni a tashar tsakiyar gari da hantsi, ta yi gaba abinta. Farkon shekarun casa'in ne, a gida damina tana shirin ɗaukewa. Na zauna a kan akwatina ina jiran Alhaji Mamman, mutumin da aka haɗa ni da shi tun daga Funtuwa, wanda ya yi alkawarin zai tarye ni, ya ba ni masauki kusa da jami'ar da zan yi karatun aikin gona. Azahar ta yi, la'asar ta yi, babu shi babu labarinsa. Na shiga bayin tasha na yi alwala, wani Bature yana kallona ina ɗaga ƙafa cikin kwanon wanke hannu kamar ya ga aljani.

Sai dab da magariba ya iso cikin wata doguwar mota. Bai ba ni haƙuri ba. Cewa ya yi, "Malam Haruna, nan Amurka ce fa, kowa ta kansa yake yi. Shigo mu je."

Muka yi ta tafiya har fitilun gari suka ƙare, muka shiga gonaki. Wurin da ya kira kusa da jami'a ashe McLeansville ne, wani yanki a gabashin gari inda gida ɗaya yake nan, na gaba sai ka yi tafiya. Ɗakin yana bayan wani tsohon gida, da can ma'ajiyar kayan noma ne. Bas ba ta zuwa wurin. Wanda ba shi da mota a nan, to, fursuna ne da ba a rufe ƙofarsa ba. Alhaji Mamman ya san haka sarai. Ya ce shi zai riƙa kai ni makaranta, ya kuma samo mini aiki a siton wani babban kanti da ke titin Wendover, inda ake sayar da talabijin da firji. Tun da takarduna na ɗalibi ba su yarda in yi aiki a waje ba, sai ya shigar da ni da sunan wani ƙanensa, Sani. Albashin hannunsa yake shiga, abin da ya ga dama ya miƙo mini. Na daɗe kafin in saba amsawa idan an kira Sani.

Duk wannan bai dame ni kamar maganar Yaya Isiyaku ba. Shi ne babba a ɗakinmu, saje ne a soja, shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu. A ɗakinsa na bariki a Kaduna na yi sakandare, ina kwana a tabarma shi da matarsa Rabi suna bayan labule. A daminar da na taho, shi ma aka sa su a jirgin ruwa daga Legas zuwa Laberiya, wai za su raba faɗa. Tun da ya tafi babu wasiƙa, babu saƙon baki. Inna takan ce 'ya'ya biyu Allah ya bar mata, ga shi ruwa ya raba ta da su duka.

Da sanyi ya fara shigowa, Alhaji Mamman ya fara fashin zuwa. Yau mota ta lalace, gobe ya yi baƙi. Sai na koma tafiya a ƙafa a gefen kwalta har inda zan sami bas, karnuka na yi mini haushi daga bayan shinge, motoci na wucewa suna watsa mini ruwa. Wata safiya wata tsohuwar a-kori-kura ta tsaya a gabana. Wani dattijo ne a ciki, baƙar fata, da furfura har a gira.

Ya ce, "Ɗana, a nan ba mai tafiya a ƙafa sai mahaukaci ko ɓarawo, kai kuwa ba ka yi kama da ko ɗaya ba. Ina za ka?"

Sunansa Mista Lewis. Gidansa ne na uku daga nawa. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun yi arewa, shi kaɗai yake zaune. Daga ranar ya ɗauki nauyin kai ni tasha. Ranar da ya fara gayyata ta cin abinci na gaya masa ba na cin alade. Da na dawo na tarar ya sayi sabuwar tukunya, ya ce wannan tawa ce, wake da shinkafa kaɗai za su shiga cikinta.

A falonsa akwai kanta guda cike da kaset-kaset na bidiyo, duka na tsofaffin labaran yaƙi ne, irin waɗanda ake haskawa a silima a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu. Ta gidan waya yake sayo su. Ranar da ya fara sa mini ɗaya sai na tuna majigin da ake kawowa filin makarantar firamare muna yara, a kafa farin ƙyalle, inji na ƙugi a baya. Hoton baƙi da fari ne, ga badujala, ga wani mai ƙatuwar murya yana bayani kamar mai shela. Sojoji suna dirowa daga jirgin ruwa, suna ratsa taɓo har gwiwa, igwa na aman wuta. Can kuma sai a nuno su a zaune suna cin abinci a gwangwani, wani na karanta wasiƙa, wasu na dambe, wasu na buga ƙwallo. Kusan dukansu Turawa ne.

Na lura duk lokacin da babbar mota ta gifta a hoton sai ya tsayar da kaset ɗin, ya matso har gaban gilashin, ya ƙura ido. Na tambaye shi abin da yake nema.

Ya ce, "Direba ne ni a yaƙin nan. Mu muke kai musu harsashi da abinci. Wata rana mai ɗaukar hoto ya same mu a bakin wani rafi muna wanke motoci. Abokina yana tsaye a kan mota tsirara daga ƙugu zuwa sama, yana rera waƙa. Ya ɗauke mu sosai. Bayan 'yan kwanaki motar abokin nan ta taka nakiya." Ya mayar da kaset ɗin baya kaɗan. "Hoton nan yana wani wuri. Ban dai kai ga kaset ɗin ba tukuna."

Na gaya masa nawa yayan ma yana bakin daga. Ya tambaye ni ina ne, na ce Laberiya. Ya girgiza kai ya ce, "To, sai ka yi haƙuri irin nawa. Ba kasafai suke juyo da na'urarsu wajenmu ba."

Gaskiyarsa kuwa. A tsakiyar sanyin nan yaƙin Iraƙi ya ɓarke, garin ya cika da ƙyallaye masu ruwan ɗorawa ɗaure a jikin itatuwa da akwatunan wasiƙa, alamar ana jiran dawowar sojojinsu. A kantinmu akwai bango guda da aka jera talabijin tun daga ƙasa har sama, duka a kan tasha ɗaya, an kashe sautinsu. Daga safe zuwa dare ba abin da ake nunawa sai hamada da jiragen yaƙi. Na taɓa gaya wa wani abokin aikina cewa yayana yana Laberiya, ya ce ashe yana kusa da Iraƙi. Da Libiya ya ɗauka nake.

Wata ranar Laraba da yamma na turo amalanke ɗauke da kwalaye zan wuce ta gaban bangon nan, sai na ga launin hoton ya canza, daga ruwan ƙasa ya koma kore. Itatuwan kwakwa ne, da gidaje masu rufin kwano da wuta ta cinye. Sai ga sojoji baƙaƙe cikin irin kakin da na sha wankewa a bariki, suna sauka daga jirgi da jakunkuna a baya. Aka nuno su suna tafiya a jere a gefen titi, bindiga a hannu. Daga nan aka nuno gindin wata bishiya. Wasu na wasan karta a kan akwatin harsashi, wani na shanya safa. A gefe wani soja na zaune a kan bokiti, wani na tsaye a kansa yana yi masa aski.

Mai askin ya ɗago kai ya dubi mai ɗaukar hoto, ya yi dariya.

Yaya Isiyaku ne. Ga wushiryarsa, ga tabon da ke saman girarsa. Dama shi ne wanzamin layinsu a bariki, kowace Asabar ƙofar ɗakinmu cike take da kawuna. Kuma ba shi ɗaya na gani ba. Duk talabijin ɗin da ke bangon shi ne a ciki, manya da ƙanana, daga ƙasa har sama, duka suna yi mini dariya ba sauti. Na saki amalanken, ta tafi ta daki kanta. Na ji kaina ina cewa, "Yaya! Yaya!" da ƙarfi a tsakiyar kantin mutane. Kafin in ƙifta ido an koma hamada.

Manaja ya taho yana faɗa, "Sani, me ya same ka?" Ban tsaya ba. Na ruga wajen wayar da ke bakin ƙofa, na jefa sulalla, na kira Mista Lewis. Tashar takan maimaita labaranta, na roƙe shi ya sa kaset ya yi ta ɗauka har a sake nunowa. Ya ce, "Ajiye wayar, ɗana, kana ɓata mini lokaci."

Ya samu kuwa. Da na koma muka zauna muka kalla, muka mayar, muka sake kallo. Duka abin bai kai tsawon karatun Fatiha ba. Ina kuka ina dariya. Can Mista Lewis ya sa yatsa a kusurwar gilashin, inda wata 'yar kalma take a rubuce.

Ya ce, "Ka ga wannan? Ma'anarta daga ma'ajiya suka ɗauko hoton. Ba lalle na yau ba ne."

Na ce, "Ko na jiya ne ko na shekaranjiya, ai shi ne."

Ya dube ni kamar zai ƙara magana, sai ya fasa. Ya tashi ya ciro kaset ɗin, ya karya ɗan haƙorin da ke bayansa don kada a yi kuskuren ɗaukar wani abu a kai, ya miƙo mini.

A unguwarmu ta Funtuwa gida ɗaya ne mai waya, gidan wani ɗan kasuwa. Sai ka kira ka ce a nemo maka wance, ka ajiye, ka jira, sannan ka sake kira. Ranar Juma'a na samu Inna. Ko gaisuwa ban gama ba na ce, "Inna, na ga Yaya! Na gan shi a talabijin!"

Ta ce, "Da idonka?"

"Da idona, Inna. Lafiyarsa ƙalau. Aski ma yake yi wa wani, yana dariya."

Inna ba ta faɗin sunansa, ɗan fari ne. Ta ce, "Shi wannan ɗin ko lahira aka kai shi sai ya nemi aska." Ta yi dariya. Na ji tana gaya wa na kusa da ita, na ji wata mata ta rangaɗa guɗa. Sai Rabi, wadda ta koma wurin Inna tun tafiyarsa, ta karɓi wayar.

"Haruna, don Allah gaya mini gaskiya. Ya rame?"

Na ce, "Wace rama? Har ƙiba ya yi."

Daga baya na ji cewa washegari Inna ta sa an toya waina an raba sadaka gida-gida. Rabi kuwa, wadda tun tafiyarsa ta daina kwalliya, ta je aka yi mata kitso, ta ƙunsa lalle. Ni ma a nan sai na ji ƙasar ta yi mini sauƙi. Karatu ya fara shiga. Ko Sani aka kira da fara'a nake amsawa.

Ba a yi wata guda ba, wata Asabar da safe, na ji tsayuwar mota a ƙofar ɗakina. Malam Kabiru ne, wani dattijo mutumin Zariya da ke koyarwa a jami'a, wanda duk Hausawan garin suka ɗauka uba. Tare da shi akwai Malam Isufu, mutumin Maraɗi, mai ja mana salla ranar idi. Da na gan su su biyu na san ba lafiya ba. Ba mai zuwa McLeansville don gaisuwa kawai. Suka zauna a bakin katifa. Malam Kabiru ya tambayi karatu, ya tambayi sanyi, ya sake tambayar karatu. Sannan ya dafa gwiwata.

"Haruna, kai musulmi ne. Sai haƙuri. An bugo daga gida. Allah ya yi wa Isiyaku rasuwa."

Na ce, "Malam, ai na gan shi. Ga kaset ɗin nan."

Ya sunkuyar da kai. A hankali ya ba ni labarin yadda aka ba shi. Wani soja ɗan layinsu ne ya dawo da ƙafa ɗaya, da aka sallame shi daga asibiti ya nemi gidanmu a Funtuwa, ya kawo jakar Yaya. A gabansa abin ya faru, kusa da tashar jiragen ruwa, cikin makonnin farko da saukarsu. A can suka binne shi. Shi ya ɗauka an daɗe da sanar da mu.

Makonnin farko. Wato lokacin ina sabon zuwa, ban ma san hanyar tasha ba. Ranar da na tsaya a gaban bangon nan ina kiran sunansa, ciyawa ta riga ta fito a kan kabarinsa. Ranar da na ce wa Rabi har ƙiba ya yi, ƙasa ta daɗe da cinye shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Rabi. Malamai suka ce takaba daga ranar mutuwa ake lissafa ta, ba daga ranar da aka ji ba, saboda haka tata ta riga ta ƙare ba ta sani ba. Babu sauran zaman da ya hau kanta. Aka ce da ta ji haka sai ta dubi hannuwanta, lallen bai gama fita ba, ta ce ita ba ta yarda ba. Ta tsefe kitson, ta shiga ɗaki ta fara daga farko. Ba wanda ya iya hana ta.

Tafiya gida ba ta taso ba. Ba ni da halin jirgi, in ma na fita ba tabbas zan sake shigowa. A falon Malam Kabiru, a wani bene da ke kan Wendover, aka yi zaman makoki. Matarsa, Anti Binta, ta dafa tuwon garin masara. Mutanenmu suka zo bayan an tashi aiki, wasu da rigar wurin aikinsu a jiki, a yi addu'a a shafa, a duba agogo. Yaran gidan suna yi mini ta'aziyya da Turanci, uwarsu na gyara musu. Alhaji Mamman ma ya zo, muryarsa ta fi ta kowa a wajen amin. Da zai tafi ya ja ni bakin ƙofa ya ce, "Allah ya ji ƙansa. Amma ka daure ka koma aiki Litinin, ka san sunan Sani ne a wurin."

Mista Lewis ya zo cikin baƙar kwat da ta yi masa yawa. Ya ga takalma a bakin ƙofa, ya tuɓe nasa. Aka ba shi kujera saboda ciwon gwiwarsa, ya ƙi, ya durƙusa da ƙyar ya zauna a ƙasa kusa da ni. Da aka ɗaga hannu shi ma ya ɗaga. Yana nan gefena har aka watse.

Kowa ya yi magana da Inna ban da ni. Malam Kabiru ya kira ya yi mata gaisuwa, ya ce ga Haruna, na girgiza kai na fita. Me zan ce mata? Ni na sa ta toya waina. Ni na sa aka yi guɗa a gidan mutane. Juma'a ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Na sa kaset ɗin a ƙarƙashin akwati ban ƙara taɓa shi ba.

Wata safiya Mista Lewis ya ɗauke ni, amma maimakon ya nufi tasha sai ya juya kan motar zuwa gidansa. Ya ajiye wayarsa a gabana.

Ya ce, "Abokin nan nawa yana da uwa. Na ce ba zan je wurinta hannu wofi ba, sai na samo hoton in kai mata. Ina nema har ta mutu. Kira ta, ɗana. Kada ka dubi agogo."

Na kira aka tafi nemo ta. Da na sake kira ita ta ɗauka. Na ce, "Inna."

Ta ce, "Haruna, ya haƙuri?"

"Inna, ki yafe mini. Wallahi ban sani ba."

"In yafe maka me? Ƙarya ka yi mini? Ba ka gan shi ba?"

"Na gan shi."

"To. Shi wanda ya kawo jakar, ƙarshen kawai ya gani, shi ya ba ni. Kai ne ka ga yana dariya. Sake gaya mini, kada ka yi sauri."

Na fara. Na gaya mata bishiyar, da masu karta, da safar da aka shanya. Na gaya mata ya tuɓe rigar sama, singileti ce a jikinsa, ya rataya tawul a kafaɗa yadda ya saba. Ta yi ta cewa, "Uhm. Uhm." Mista Lewis ya tashi ya fita tsakar gida, ya ja mana ƙofa.

Da na gama ta ce, "Shi kuma wanda ake yi wa askin, wane ne?"

Sau nawa na kalli kaset ɗin nan, ban taɓa duban fuskar mutumin ba.

Na ce, "Ban san shi ba, Inna."

"Yaro ne ko babba?"

"Ban lura ba."

Ta ce, "To, ka koma ka duba shi da kyau. Shi ma da uwarsa, wataƙila ba ta da wanda zai bugo mata. In ka yi wa yayanka addu'a ka haɗa da shi."

Da muka yi sallama na je na ɗauko kaset ɗin, na sa a bidiyon Mista Lewis, na tsayar da hoton a gindin bishiyar. Saurayi ne, ba zai girme ni ba, siriri, da 'yan tsage uku a kumatu irin na mutanen da ban san garinsu ba. An aske rabin kansa, rabi na nan. Ya rufe ido, ya kwantar da kansa a tafin hannun Yaya kamar mai barci.

Har yau ban san sunansa ba, ban san ko ya koma gida ba. A addu'a nakan ce, da wanda aka yi wa aski.